Kayan fatsar steelhead a hunturu: wanne za ka fara saya?

Steelhead kifin trout ne, wani kifin ruwan sanyi, da ke fita teku ko babban tafki ya yi ƙiba, sannan ya dawo kogi yin ƙwai. Masu fatsa da ƙudan bogi, wato ƙugiya da aka ɗaure wa gashin tsuntsu, suna bin sa daga Disamba zuwa Maris a kogunan Amurka irin su Hoh da Sol Duc a jihar Washington, ko Pere Marquette a Michigan. Idan sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius, kifin ba ya bin abinci da gudu. Yakan lafe a ƙasa, inda ruwa ke tafiya kamar tafiyar mutum a ƙafa, zurfin mita ɗaya zuwa biyu. Saboda haka duk abin da za ka saya, ko dai ya kai ƙudan gaban bakinsa, ko ya ba ka ikon jure tsayuwa cikin ruwan.

Fara da wandon shiga ruwa, kafin sanda mai tsada. Na roba mai kauri, milimita 5, ya fi ɗumi kuma ya fi araha, sai dai idan za ka yi doguwar tafiya a bakin kogi gumi zai jiƙa ka, daga baya sanyi ya kama ka. Mai fitar da gumi ya fi, muddin ka sa kayan ulu a ciki. Auduga kam kada ka kusance ta, tana riƙe danshi. Wandon da aka haɗa da takalminsa ya fi ɗumama yatsu domin ba ya matse ƙafa. Idan takalmin daban ne, ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba. Tafin takalmi na matsattsen ulu yana kama dutse mai santsi, amma dusar ƙanƙara na taruwa a ƙarƙashinsa har ka kasa taku, kuma jihohi irin su Alaska da Maryland sun hana shi. Tafin roba mai ƙusoshi ya fi dacewa da hunturu. Ɗamarar ƙugu dole ce.

Faɗin kogin ne zai zaɓa maka sanda. Babban kogi mai bishiyoyi a bayanka yana son sandar hannu biyu, ƙafa 13, lamba 7 ko 8 (lambar nauyin zaren da sandar ke ɗauka), da zaren Skagit, gajere mai nauyi da ke iya ɗaga babban ƙuda. A ƙaramin kogi, sandar hannu ɗaya mai ƙafa 10, lamba 7, ta wadatar.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne bakin zare mai nutsewa, wato guntun zare mai nauyi da ake haɗawa a ƙarshen zaren domin ya nutsar da ƙudan. Akwai T-8, T-11 da T-14, kuma girman lambar shi ne yawan nauyin. Idan ɗaya za ka saya, ɗauki T-11 mai ƙafa 10. T-14 na ruwa mai ƙarfi ne bayan ambaliya, a ruwa mai sanyin gudu kuwa zai yi ta maƙalewa a duwatsu. Siririn zaren da ke riƙe ƙudan kada ya wuce ƙafa 4, in ba haka ba ƙudan zai taso sama da kifin.

Nemi sanda mai manyan zobba, wato waɗanda zare ke bi ta cikinsu, domin ƙanana sun fi saurin toshewa da ƙanƙara. Idan sun toshe, tsoma sandar cikin ruwa ka girgiza, ɓallewa da yatsa na karya bakinta. Ƙugiya kuma sayi marar ƙaya, domin a koguna da dama doka ta ce a saki duk steelhead ɗin da ƙaramin fiffiken kusa da wutsiyarsa bai yanke ba, alamar cewa haifaffen kogi ne, ba na gidan kiwo ba.