Kifin zebra, medaka ko ɓera: wanne za ka saya don binciken kansar hanta?

Kafin ka cika fam ɗin oda ka sani, bairos ɗin ciwon hanta na B da na C, masu iya jawo kansar hanta, ba sa kama kifi. Abin da ake yi shi ne a ciro jin (gene, wato ƙwayar gado mai umarnin ƙera furotin) guda daga jikin bairos ɗin, kamar jin ɗin HBx na B ko jin ɗin core na C, a dasa wa kifin a ɗaura shi kan fabp10a, wato makunnin jin ɗin da ke aiki a hanta, don kada ya yi aiki ko'ina sai a hanta. To in tambayarka yadda cutar ke shiga jiki ce, ka bar kuɗinka a aljihu, kifi ba zai amsa maka ba. In kuwa so kake ka ga ɓarnar da furotin ɗaya ke yi wa hanta, bismilla.

Ni dai kifin zebra zan fara dubawa. Mace ɗaya tana zuba ƙwai wajen 200 a sati, ƙwan garau yake kamar gilashi, kwana 5 hanta ta riga ta fito kana kallonta a madubin lab, in an haɗa mata jin mai ƙyalli sai ka ga wani ɗan kore shar a gefen cikinsa kifin na ta motsi abinsa. Wata 3 ya balaga. Tun 2013 aka fitar da cikakken jadawalin halittarsa, kusan kashi 70 cikin 100 na jin ɗin ɗan Adam suna da ɗan'uwa a jikinsa. Ruwansa yana son zafi digiri 28, kuma wuta ba ta yi maka wasa ba don famfon tace ruwa dare da rana yake aiki.

Amma nan ne mutane ke cin karo. Kifi mai HBx kaɗai yawanci kitse hantarsa ke tarawa, kansa ba ta zuwa da wuri. Masu bincike a Taiwan sai da suka haɗa shi da lalataccen p53, wato jin ɗin da ke hana kansa tasowa, kafin kansar ta bayyana, ita ma sai da kifin ya kusa shekara, ɗalibin da ke da wata 18 ya gama digiri ya yi lissafi da kyau. Na core ɗin C kuma an fi tura shi da gubar thioacetamide. In sauri kake akwai layin kras, wato zuriyar kifi mai ɗauke da jin ɗin kras mai jawo kansa, da Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta samar, wanda sai ka zuba maganin doxycycline a ruwa jin ɗin ke tashi, cikin makonni ciki ya kumbura, ka janye maganin ƙarin ya fara ja da baya. Sai dai kras ba na bairos ba ne, ma'auni ne kawai za ka ajiye a gefe. Kuma ka raba maza da mata wajen ƙidaya don maza sun fi kamuwa da tsanani.

Medaka kifi ne ɗan Japan, yana jure sanyi da zafi sosai, ana gane jinsinsa ta XY kamar mu, amma ƙwansa kaɗan ne kullum, ɓawon da tauri, layukan bairos ɗin hanta da aka riga aka yi kuma ba su kai na zebra ba. Ɓera ya fi kusa da mu, tun 1991 aka nuna HBx na jawo kansa a hantarsa, sai dai tsada da jira, kuma ba ka ganin komai sai ka yanka ko ka yi sikanin.

Wajen saye ka nufi cibiyoyin ajiyar kifin zebra, wato ZIRC a Jami'ar Oregon ta Amurka, ko EZRC a Karlsruhe ta Jamus, ko CZRC a Wuhan ta Sin, in layin babu a can ka rubuta wa lab ɗin da ya ƙirƙire shi ku sa hannu a yarjejeniya. Ka nemi ƙwai da aka wanke da bilic maimakon manyan kifi, ka tambayi zuriya ta nawa ce don jin ɗin yakan yi shiru bayan 'yan zuriyoyi, ka tanadi izinin shigo da halittar da aka sauya tun kafin kaya su taso. GloFish, kifin nan mai ƙyalli na shagon kifin ado kam, kallo kawai aka yi shi.