Kwas ɗin intanet ko Ilimi na Musamman a BUK? Ga abin da na gani

Wa alaikumus salam Malama. Tunda kin ce kuɗinki na abu ɗaya ne, ko kwas ɗin wata uku da kika gani a intanet kan disleksiya, wato matsalar da ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro wuya duk da basirarsa lafiya lau, ko komawa aji a Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero (BUK), to ni duka biyun na ɗanɗana, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ki koma aji.

Na intanet ɗin na fara saya, albashina na wata biyu cur ya tafi a kai, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ba zan ce fanko ne ba. A nan na fara jin hanyar Orton-Gillingham, wadda likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka kafa a Amurka a shekarun 1930: yaro ya ga harafi, ya ji sautinsa, ya furta, ya zana da hannunsa a lokaci guda, ana hawa mataki bayan mataki. Hanyar gaskiya ce. Sai dai bidiyo kawai na yi ta kallo ina ƙona data, rabin darussan kan dokokin rubutun Turanci ne, kuma babu wanda ya taɓa ganin yadda nake koyarwa. Takardar shaidar tana nan a ƙasan akwati tare da rasit ɗin firji.

Abin da ya canza ni a karatun jami'a lokacin koyarwar gwaji ya faru. An haɗa ni da wani yaro ɗan aji huɗu, shekararsa goma, wanda tun daga gida har makaranta an gama yanke masa hukuncin daƙiƙi. Kullum yana bencin baya, littafinsa cike da kwafe mai kyau amma bai iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba. Abin mamaki, a Islamiyya haddarsa ta fi ta sa'o'insa, domin da kunne yake ɗauka. Na zo da zumuɗina da katunan haruffa, na yi mako biyu ina zuba, babu abin da ya motsa. Ranar da malamin da ke duba mu ya zo, ya zauna a baya bai ce uffan ba har na gama. Da muka fito ya ce, "Malama, ke kike karatun, ba shi ba. Kafin ya buɗe baki kin ba shi amsa. Ki ƙirga biyar a zuci. Kuma ki ajiye haruffan nan tukuna, yaron nan bai ji cewa kalma tana rarrabuwa ba."

Washegari na zo da murafen lemon kwalba da faranti cike da yashi. In ce "gida", shi kuma ya tura murfi ɗaya a kan kowane sauti. Da farko biyu yake turawa, gi da da, wato gaɓa yake ji, bai kai ga baƙi da wasali ba. Mun kwana biyu a nan kafin murfi huɗu su jeru. Sai muka koma yashi, yana zana harafi da yatsa yana furta sautinsa. Wahalarmu babba b da d ce, kuma kin san mu Hausawa namu ninki ne, ga ɓ ga ɗ sun zo da ƙugiyarsu. Babu bidiyon Amurka da zai gaya miki kada ki haɗa waɗannan huɗun a mako guda. Minti 30 kullum, ban da bulala, ban da karatu a gaban aji. Can wajen ƙarshen zango mahaifiyarsa ta zo har makaranta da mayafinta a karkace, wai suna cikin A Daidaita Sahu a Ƙofar Nasarawa ya nuna wani shago ya ce, "Umma, an rubuta ana sai da ƙanƙara." Ita kuka, ni kuka.

A jami'ar ne kuma aka cusa mana abin da yanzu nake fara yi kafin komai: a duba ido da kunne. Yara nawa ake kira marasa ƙwaƙwalwa alhali allo ne ba sa hangowa? A kai su asibitin ido na ECWA ko Asibitin Malam Aminu Kano a fara cire wannan shakkun. Sannan ki bambance yaron da ba a koyar ba da yaron da ke da matsalar ɗaukar karatu. Na farkon su suka fi yawa a ajujuwanmu masu cunkoso, kuma maganinsu irin tsarin TaRL ne na ƙungiyar Pratham ta Indiya, wanda aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin KaLMA, shirin bunƙasa karatu da lissafi na Kano: a raba yara gwargwadon inda suka tsaya, masu harafi daban, masu kalma daban, masu labari daban. Wanda aka yi wa haka ya ƙi motsawa, shi ne naki na musamman. Da Hausa za ki fara masa, don rubutunmu kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, in ban da tsayin wasali da karin sauti da ba ma nunawa, shi ya sa garin Kano da garin tuwo suke fita iri ɗaya a takarda.

Kada in yi miki daɗin baki, karatun jami'a yana cin lokaci, kuma za ki karanta abubuwan da ba su kika zo nema ba, rubutun makafi na Braille, maganar hannu ta kurame, har ziyara makarantar Tudun Maliki. Ga zirga-zirgar sabuwar jami'a a titin Gwarzo ga mai aure da aiki. Na yi mita sosai. Amma takardarsa ce ake ganewa in an zo ƙarin girma, ta intanet kuwa sai dai a ce miki sannu da ƙoƙari.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: ki yi hattara da masu bitar kwana uku a ɗakin taron otal, masu cewa za ki fito "ƙwararriyar disleksiya ta ƙasa da ƙasa". Wasu darasin Jolly Phonics kawai suke maimaitawa, sautuka 42 ɗin nan da ake farawa da s, a, t, i, p, n. Abu ne mai kyau ga aji ɗaya, ni ma ina amfani da shi, amma ba horon ƙwararru ba ne, sun dai sauya masa riga sun ninka kuɗi. Mafi muni su ne masu haɗa miki da tabarau mai launi ko kwalbar "maganin buɗe ƙwaƙwalwa" ki sayar wa iyaye. Disleksiya ba a shan magani ta tafi, kuma ba ciwon ido ba ce. Duk wanda ya tallata miki horo, ki tambaye shi abu uku: wa zai zauna ya ga kina koyar da yaro na gaske, awa nawa, kuma wace hukuma ce ta san da takardar? In ya fara kame-kame, ki riƙe jakarki.

Ki je sashen da ƙafarki ki ji wane mataki ya dace da takardun da kike da su, kada ki ba kowa kuɗin fom a hannu. Kafin a fara, ranar Asabar da safe ina zama da yara uku a gida, ki yi mini magana ta akwatin sirri ki zo ki gani. Ki taho da murafen lemo, nawa yara sun kwashe sun yi mota da su.