Sikanin ko MRI: wanne ya dace da ƙafar da ta gurɗe?

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce ƙafarka ta gurɗe kana sauke buhun albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, mako uku ke nan kumburin bai sauka ba, mai ɗori ya murza sau biyu, hoton ƙashi kuma bai nuna karaya ba. Kana tambaya tsakanin sikanin (mai duba ciki da sauti) da MRI (hoton cikin jiki da injin maganaɗisu ke ɗauka) wanne za ka kashe wa kuɗi.

Kafin komai, sa yatsa ka nuna inda ke ciwo, amsar tana nan.

In ciwon na gefen waje ne, gaban idon sawu kaɗan, mai yiwuwa jijiyar nan mai ɗaure ƙashi da ƙashi da likitoci ke kira ATFL ce, wadda ta fi kowace saurin yagewa a targaɗe. Tana kusa da fata, sikanin na ganin ta tsaf. Za a shafa maka jel mai sanyi, a ɗora kan na'urar, mai dubawa ya riƙe dunduniyarka ya janyo ta gaba yana kallon allo. Jijiya lafiyayya tana miƙewa kamar igiyar da aka ɗaure tamau. Wadda ta tsinke sai ka ga bakinta ya buɗe, ruwa ya cike gurbin da baƙi. Nan take kuma a duba ɗayar ƙafar a gwada. MRI ba ya haka: kwanciya za ka yi ba motsi, kusan rabin awa, injin na ƙara kamar ana ƙira a kanka. Kuɗinsa kuwa ninki-ba-ninki ne.

Amma sautin da sikanin ke aikawa ba ya ratsa ƙashi. In ciwon a tsakiyar ƙafa yake, ta sama, musamman in ka ga jini ya kwanta a tafin ƙafa, to ana zargin jijiyar Lisfranc, mai riƙe gindin ƙashin yatsa na 2. Sikanin bayanta kawai yake hangowa, ƙarfinta na can lungu tsakanin ƙasusuwa. Wannan aikin MRI ne, tare da hoton ƙashi da ake ɗauka kana tsaye ka taka ƙafar. Haka ma guringuntsin cikin gaɓa da ƙashin da ya bugu bai karye ba. Kada ka yi wa ciwon Lisfranc rowa, in aka bar shi yana iya rusa bakan tafin ƙafa.

Inda ake yawan yin asara a Legas shi ne shiga duk shagon da aka rubuta sikanin a ƙofa. Na taɓa yi a unguwarmu ta Agege, aka duba ni da lanƙwasasshen kan na'urar da ake duba masu juna biyu, aka ce lafiya lau, ina ɗingishi na fito. Wancan kan na hango abu mai zurfi ne. Jijiyar ƙafa miƙaƙƙen kai take so, mai megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) 10 zuwa sama, da hannun da ya saba da gaɓoɓi. Ka tambaya kafin ka biya.

Da ni ne kai, asibitin ƙashi na Igbobi zan fara zuwa, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, a Idi-Araba, likitan ƙashi ya tattaɓa ya zaɓa maka hoton. In akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinka, ka faɗa musu kafin MRI. Murzar nan kuma a dakatar da ita tukuna.