Ƙwayar alendronate ta mako-mako: magani mai araha, amma mai sharuɗɗa

Duk wanda likita ya shaida wa cewa ƙashinsa ya zaizaye, musamman mata bayan ɗaukewar jinin al'ada, mafi yawan lokaci maganin da ake fara rubuta masa shi ne alendronate, ƙwaya ɗaya mai nauyin miligiram 70 da ake sha sau ɗaya a mako. Kamfanin Merck ne ya fito da ita da sunan Fosamax, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da maganin a 1995, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin ta, shi ya sa kuɗinta ya sauko. Ita goggona take sha tun bayan da ta karye a wuyan hannu sakamakon wani ɗan zamewa a tsakar gida, kuma gwajin ƙarfin ƙashi da ake kira DXA ya nuna makinta ya yi ƙasa da -2.5, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya don gane zaizayar ƙashi. Ni nake kula da maganinta, don haka ga abin da na gani game da ƙwayar, da kuma yadda take idan aka auna ta da sauran magungunan.

Dangane da aiki, ban ga abin kushewa a gare ta ba. Ƙashi kullum cikin rushewa da sake ginuwa yake, aikin wannan ƙwaya kuwa shi ne ta rage hanzarin ƙwayoyin halittar da ke rushe shi, domin masu ginawa su cim ma su. A babban gwajin da aka yi mata a kan matan da suka taɓa samun karaya a ƙashin baya, ta rage sabuwar karayar baya da ta ƙugu da kusan rabi. Sai dai mai shanta ba zai ji wani sauyi a jikinsa ba. Ba ta kashe ciwon gwiwa, ba ta miƙe bayan da ya riga ya ranƙwafa, wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa tsofaffi da yawa suke ajiye ta bayan 'yan watanni, suna cewa ba ta yi musu komai ba.

Inda wahalar take shi ne wajen shan ta. Abin da jiki ke tsotsa daga cikin ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ko wannan ɗan kaɗan ɗin yana salwanta idan ta haɗu da abinci a ciki. Dole ne a sha ta da sassafe kafin a ɗanɗana komai, da cikakken kofi na ruwa zalla, a haɗiye ta ba tare da an tauna ko an tsotsa ba, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na aƙalla minti 30, ba kwanciya, ba shayi, ba koko, balle nono ko ƙwayar kalsiyam. Idan aka kwanta, ƙwayar tana iya dawowa ta ƙona maƙogwaro har ta yi masa gyambo. Tsarin da ya karɓi goggo shi ne ta idar da sallar asuba tukuna, saboda ruku'u da sujada ba su dace da wanda ya haɗiyi wannan ƙwaya yanzu-yanzu ba, sannan ta sha, ta zauna a kan kujera da carbinta har gari ya waye. Mun zaɓi ranar Juma'a domin rana ce da ba ta ɓace mata. Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne rasa ɗan barcin nan na bayan asuba, har takan ce mini: "Ɗan nan, wannan magani naka ya fi mai unguwa doka." A watan azumi kuwa sai ta tashi da wuri sosai, ta sha, ta jira rabin awa kafin ta taɓa abincin sahur.

Akwai waɗanda ƙwayar ba ta dace da su ba sam: mai wahalar haɗiya ko wata cuta a maƙogwaro, wanda ba ya iya zama a miƙe na rabin awa, wanda kalsiyam ya yi ƙaranci a jininsa, da wanda aikin ƙodarsa ya yi rauni ƙwarai. Mai fama da ƙwannafi ko olsa shi ma sai ya yi shawara da likita, musamman idan yana cikin masu yawan shan diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gaɓoɓi, domin haɗuwarsu da alendronate tana ƙara wa ciki zafi.

Ga masu matsalar maƙogwaro ko ta ciki, ko waɗanda ba sa iya zama a miƙe, a ganina madadin da ya fi dacewa shi ne zoledronic acid, wanda ake sayarwa da sunan Aclasta. Dangin alendronate ne, amma ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, miligiram 5 sau ɗaya a shekara, cikin lokacin da bai gaza minti 15 ba. A gwajin da aka yi masa ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100, ta ƙugu kuma da kashi 41. Ba ruwansa da maƙogwaro, ba kuma a mantuwa da shi kamar yadda ake mantuwa da ƙwaya. Aibinsa shi ne bayan ƙarin farko mutane da dama suna yin zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku, abin da a wajenmu nan take za a ɗauka maleriya ce a ruga kemis, alhali farasitamol da yawan shan ruwa sun wadatar. Shi ma bai dace da mai tsananin raunin ƙoda ko ƙarancin kalsiyam ba, don haka sai an duba ƙoda da kalsiyam da bitamin D kafin a sa shi, kuma kuɗinsa a dunƙule ake biya.

Allurar denosumab, wato Prolia, wadda ta fito a 2010, ita ce na fi yi wa kallon tsanaki, duk da cewa magani ne mai ƙarfi. Ana yin ta a ƙarƙashin fata duk bayan wata shida, kuma tana iya yi wa wasu masu raunin ƙoda amfani, ko da yake a tsananin ciwon ƙoda takan sauke kalsiyam ƙasa sosai. Matsalarta ita ce ba ta zama a cikin ƙashi kamar yadda alendronate ke zama shekaru. Idan aka daina ta, ko aka yi jinkirin allura ta gaba da 'yan watanni, ƙashin yakan koma rushewa da gaggawa, har a samu karaya a gaɓoɓin ƙashin baya da yawa a lokaci guda, shi ya sa likitoci ba sa tsayar da ita sai sun biyo bayanta da alendronate ko zoledronic acid. Ga shi kuma a firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma maganin da ake shigowa da shi daga waje yau akwai gobe babu, ban ga hikimar fara ta ba sai ga iyalin da suka tabbata za su iya samun ta a kan kari shekara da shekaru.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Teriparatide, allurar kullum, da romosozumab, allurar wata-wata ta tsawon shekara ɗaya, gina sabon ƙashi suke yi, ana keɓe su ga waɗanda cutar ta yi wa tsanani, tsadarsu kuma ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Romosozumab ba a ba wa wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Raloxifene yana kare ƙashin baya amma ba a tabbatar yana kare ƙugu ba, yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya.

Abubuwa biyu da ake tsoratar da mutane da su game da alendronate, wato lalacewar ƙashin muƙamuƙi da wata irin karaya a ƙashin cinya, gaskiya ne suna faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma karayar da maganin ke hanawa ta ninka su nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata shi ne a ga likitan haƙori kafin a fara, a cire haƙorin da ke buƙatar cirewa, sannan a kai rahoton duk wani sabon ciwo a cinya ko matsematsi. Bayan shekara biyar likita yakan sake auna lamarin, ya ga ko za a ba jiki hutu ko a ci gaba.

Wajen saye, na lura cewa ba kowane kemis ne ke ajiye ta ba, kuma wani mai shago ya taɓa miƙo mini ƙwayar kalsiyam yana cewa duk ɗaya ne, alhali kalsiyam da bitamin D 'yan rakiya ne kawai, ba sa maye gurbinta. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma tabbatar miligiram 70 ne na mako, domin akwai na miligiram 10 da ake sha kullum. Ga wanda maƙogwaronsa da ƙodarsa suke lafiya, kuma akwai mai tuna masa ranar sha, ita zan zaɓa kafin kowace. Idan matsalar ta maƙogwaro ce ko ta mantuwa, sai a tambayi likita batun ƙarin ruwan shekara-shekara.