Ragar kewaye kududdufin kifi: tana tare bududdugi, ba ta tare kwaɗon bishiya

Ragar da ake magana a kanta ita ce ta roba mai ƙananan idanu, irin ta tagar ɗaki, wadda masu kayan kiwo ke yankawa da mita. Masu renon 'ya'yan tarwaɗa a fadamun Haɗeja da Auyo suna sayenta ne saboda kwaɗi, kuma a wannan aikin ta biya kuɗinta, muddin an kafa ta daidai.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne an kewaye kududdufi, da safe kuma sai ga ƙaramin koren kwaɗo maƙale a jikin ragar. Wannan kwaɗon bishiya ne. Yatsunsa suna da faifai mai manne wa abu, don haka ko gilashi yana hawa, balle raga. Amma cimarsa sauro ce da ƙuda da ƙananan ƙwari, ba ruwansa da kifi. Ruwa yake nema don ƙwai kawai idan damina ta sauka: ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, talibambam ya yi makonni a ruwa, ƙafafun baya su fara fitowa, sannan na gaba, wutsiya ta shanye, ya koma cikin ciyawa.

Mai ɓarnar shi ne bududdugi, ƙaton kwaɗon nan. Babban yana haɗiye 'ya'yan kifi, talibambam ɗinsa ma nama yake ci. Na kwaɗon gida, baƙaƙen nan da ke fitowa daga ƙwai mai kama da zare, ba sa cin kifi amma suna cinye garin abincin da aka watsa. Duka biyun ba gwanayen hawa ba ne, nan ragar take da amfani.

Yadda aka kafa ta shi ne komai. A bar mita 1 a sama, a binne santimita 20 zuwa 30 a ƙasa, a take ƙasar sosai, domin ta ƙarƙashi suke kutsawa. Turke kowace mita 2. Inda aka haɗa baki biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya a ɗinke, kada a ɗaure da waya, tana yaga robar. Kafin a zuba ruwa a busar da kududdufin a kwashe ƙwai da kwaɗin da suka binne kansu a laka, in ba haka ba an kulle kura ne da awaki.

Aibinta rana. Marar kauri takan bushe ta riƙa karyewa bayan zafin bazara, ɓera da guza kuma suna huda ta, sai an riƙa zagayawa ana duba gindinta. Ba ta kuma hana mazari sa ƙwai a ruwa, alhali 'ya'yansa suna kama ƙananan kifi. Wanda kifinsa bai kai tsawon yatsa ba, ya ƙaro wadda zai rufe saman da ita.