Harsashi da katirij: amsar tambayar Malam na Unguwar Rogo

Salam 'yan uwa. Malam, ka tambaya jiya cewa in aka ce 'yan sanda sun kama mutum da harsasai kaza da katirij kaza, shin ba abu ɗaya bane, sannan kwanson da yaronka ya tsinto a bayan gida yana da haɗari ko babu. Toh bari in ɗan yi bayani, don tambayar tana da muhimmanci musamman mu nan Jos da muka sha ganin tashin hankali.

Abin da ake sakawa a bindiga, wanda duk muke cewa harsashi, a gaskiya abu huɗu ne a haɗe: akwai kwanso na tagulla ko ƙarfe, akwai albarushi a cikinsa, akwai ɗan maɓalli a gindi mai kama wuta kamar kan ashana, sai kuma ɗan kan nan mai tsini a gaba, galibi dalma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe. In an ja kunama allurar bindiga ta daki maɓallin, albarushi ya kama, iskar da ta taso ta tunkuɗa kan ya fita, shi kuma kwanson bindiga ta tofar da shi gefe. Kaga kenan kan ne kawai yake tafiya, shine yake kisa, kwanso baya zuwa ko'ina. Haɗaɗɗen gaba ɗaya shine katirij a wajen masu sana'ar. A AK-47 dukansa wajen giram 16 ne amma kan da ke fita giram 8 ne kacal, sai dai yana gudun sama da mita 700 a daƙiƙa ɗaya.

Amma a bakin mutanenmu da rahoton 'yan sanda in kaji katirij, yawanci na bindigar farauta ake nufi, mai baki ɗaya ko baki biyu, wannan mai jikin roba ja ko kore da gindin ƙarfe. Shi ba kai ɗaya gare shi ba, ƙananan ƙwayoyin dalma ne cunkushe a ciki, in an harba sai su watsu, shi yasa maharba ke son shi wajen zabo da zomo, kuma in an wuce mita 40 ko 50 ƙarfinsa ya fara mutuwa. Na raifil irin su AK-47 fa ba haka ba, cikin bututun bindigar akwai zane a murɗe da ke sa kan ya riƙa juyawa yana tafiya sak, kuma zai iya haura kilomita 2 kafin ya faɗi. Wallahi wannan ne yasa nake jin zafin masu harbi sama da sunan murna ko kora mutane, abin da ya hau sai ya sauko, kwanon rufi kuma baya tare shi.

Lambobin ma suna rikita mutane. Na AK-47 ana rubuta 7.62x39, na bindigogin G3 da FN kuma 7.62x51, kaurin kan kusan ɗaya, amma lamba ta biyu tsawon kwanso ne a milimita, don haka na 51 ya fi cin albarushi ya fi nisa, kuma ɗaya baya aiki a bindigar ɗaya. Na 5.56x45 da ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO ta amince da shi a 1980 kansa giram 4 ne kawai amma ya fi su gudu. Ita adaka ta mafarautanmu, harba-ka-ruga, bata san katirij ba sam, ta baki ake ɗura mata albarushi daban dalma daban.

Yanzu maganar yaronka. Ka duba, in bakin kwanson a buɗe yake babu kai, cikinsa wayam, gindinsa kuma da ɗan lotsawa a tsakiya, toh an riga an harba shi, ba zai fashe ba. In kuwa kan yana nan a maƙale, mai rai ne ko da yayi tsatsa, kar a bari yara su buga shi da dutse ko su jefa a wuta, don zai iya tashi ya tsiyaye ma yaro ido. Ni dai shawarata ko wanne ne kar ka ajiye a gida, dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba lasisi, kuma in aka zo bincike unguwa ba kowa zai tsaya jin cewa tsintuwa ce ba. Ka sanar da mai unguwa ku kai ofishin 'yan sanda tare, kuma ka faɗa musu daidai inda aka tsince shi, sabida shatin allurar da ke gindin kwanso yana taimaka wa masu bincike gano bindigar da ta harba.