X-Men '97 ya dawo min da ƙungiyar da finafinai suka mayar ta mutum ɗaya

Jama'a na gama kallon zangon farko na katun ɗin X-Men '97 ɗin nan da ya fito a Disney+ ranar 20 ga Maris 2024, kashi 10 ne, kowanne wajen rabin awa, kuma gaskiya na kasa yin shiru. Tun yanzu in faɗa, zan taɓo abubuwan da suka faru a ciki har da wanda ya mutu, to duk wanda bai kalla ba kuma baya so a ɓata masa ya ajiye wannan sai ya gama ya dawo.

Abun da ya daɗe yana cin raina game da X-Men shi ne, in ka tare mutum goma masu kallon fim kace su faɗa maka waye X-Men, kusan duk Wolverine za su ce maka, mai faratan ƙarfen nan, shi ne akta sauran 'yan rakiya. Kuma ba laifinsu bane, haka kamfanin Fox ya koya musu tun daga fim ɗin 2000 har kusan shekara ashirin. Alhali a asalin littafin komik ɗin da Stan Lee da Jack Kirby suka fara a 1963 babu ma Wolverine kwata-kwata, yara biyar ne 'yan makaranta, Cyclops, Jean Grey, Beast, Angel da Iceman, sai malaminsu Farfesa Xavier a keken guragu. Littafin ma bai yi kasuwa ba a lokacin, har a 1970 aka daina rubuta sabbin labarai ana ta maimaita tsofaffi. Sai a 1975 Len Wein da Dave Cockrum suka kawo sabuwar tawaga daga ƙasashe daban-daban, Colossus ɗan Rasha, Nightcrawler ɗan Jamus, Wolverine ɗan Kanada, Storm daga Afirka, daga nan Chris Claremont ya karɓi alƙalamin ya riƙe har 1991. A hannunsa ne X-Men ta zama abun da muke so, wato gidan yawa, kowa da halinsa, ana faɗa ana shiri, ana soyayya ana kishi, amma in bare ya taɓa ɗaya duk sai a taso. Su miyutan ne, an haife su da baiwa a jini, duniya na tsoronsu tana ƙinsu, su kuma suna kare ta a hakan. Wannan zaman taren shi ne jigon, ba faratan mutum ɗaya ba.

Katun ɗin 1992 ya gane haka sosai. A Fox Kids aka fara nuna shi ranar 31 ga Oktoba 1992 ya tafi har 1997, kashi 76 a zango biyar. In ka koma kallonsa yanzu zanen ya tsufa, motsin wani lokacin a sandare yake, zangon ƙarshe kam zanen ya ƙara lalacewa saboda an sauya kamfanin da ke yi, amma marubutan sun ɗauki yara a matsayin masu hankali, labari ɗaya sai ya ja kashi huɗu biyar, ana maganar wariya da ƙiyayya da 'yan siyasa masu cin abinci da tsoron jama'a. To X-Men '97 daga daidai inda wancan ya tsaya ya ɗora, Xavier baya nan, an tafi da shi sararin samaniya neman magani, kuma wasiyyarsa ta bar makaranta da komai a hannun Magneto, tsohon abokinsa kuma babban abokin gabarsu. Har wasu daga cikin masu muryoyin da ɗin aka dawo da su, Cal Dodd a Wolverine, Lenore Zann a Rogue, Alison Sealy-Smith a Storm, George Buza a Beast. Muryar Rogue za ka ji shekaru a cikinta kam, da farko sai da kunnena ya ɗan ƙi, amma kafin tsakiyar zangon wallahi wannan dishewar ita ce ta ƙara wa abun nauyi.

Tun kashi na farko na san mutanen nan sun san abun da suke yi. Akwai wajen da aka tarwatsa jirginsu a sama kowa na faɗowa, masu tashi suka cafke waɗanda basa tashi, Cyclops kuwa ya taho da kai ƙasa, sai ya buɗe gilashin idonsa ya harba hasken nan cikin ƙasa ya rage gudun faɗuwarsa ya dira a tsaye cikin ƙura. Sai da na mayar da wajen baya na sake kalla. Wannan fa shi ne mutumin da finafinai suka mayar ɗan kishin budurwa kawai, a fim na uku na 2006 ma tun farko-farko aka kashe shi ko nuna mutuwar ba a yi ba. Anan shi ne kwamanda, yana bada umarni kowa na bi. A faɗansu da Sentinel, wato robot ɗin da ke farautar miyutan, Gambit ya haye bayan Wolverine ya cusa wa faratansa wutar nan tasa mai ruwan hoda kafin ya afka wa babban robot ɗin, Storm kuma ta sauko ta zuba tsawa a yashin hamada har ya koma gilas sannan ta tayar da guguwa da shi ta yayyanka Sentinel ɗin. Ka ga faɗan ƙungiya kenan, baiwar wannan ta jingina da ta wancan. A finafinan Fox sau nawa muka ga haka? Yawanci kowa ya ware gefe ya samu bos ɗinsa su daku.

Ba wai ina zagin finafinan bane gaba ɗaya fa. Na 2000 ɗin da Bryan Singer ya bada umarni ya buɗe da yaro Magneto a sansanin 'yan Nazi a Poland a 1944 ana raba shi da iyayensa yana lanƙwasa ƙofar ƙarfe, wannan buɗewar har gobe tana da ƙarfi, kuma Patrick Stewart da Ian McKellen sun cika Xavier da Magneto yadda ya kamata. X2 na 2003 fim ne mai kyau, shigar Nightcrawler fadar White House kaɗai ta isa. Logan na 2017 kam babu magana. Hugh Jackman ma ya yi ƙoƙari iya ƙoƙari dukda Wolverine na littafi gajere ne ƙafa 5 da inci 3 shi kuma ya haura ƙafa 6. Matsalar dai da suka ga shi ne ke kawo kuɗi sai komai ya koma kansa. Ɗauki labarin Days of Future Past, a komik na 1981 Kitty Pryde ce aka tura baya ta gyara tarihi, a katun ɗin da Bishop aka tura, da aka zo fim a 2014 sai aka ce Wolverine. Rogue da a littafi take tashi sama take ɗaga mota, a fim ta zama yarinya mai rakuɓewa ana cetonta. Kayan ma aka cire musu launi aka sa musu baƙar fata duka, sai a 2024 a Deadpool & Wolverine aka ga Jackman cikin rawayar rigarsa.

Inda abun yafi fitowa fili shi ne labarin Dark Phoenix. A komik na 1980 an ɗauki shekaru ana gina Jean Grey kafin ƙarfin ya fi ƙarfinta, shi yasa mutuwarta ta girgiza masu karatu. Katun ɗin da ya bashi kashi biyar na Phoenix sannan huɗu na Dark Phoenix. Fim kuwa sau biyu ana gwadawa, 2006 da 2019, duka biyun da hannun Simon Kinberg a ciki, kuma duka basu zauna ba, saboda ta yaya zan yi kukan macen da ban zauna da ita ba? Awa biyu bata isa mutum ya saba da mutum takwas ba. Ni a ganina X-Men labari ne mai dogon zango tun asali, wata-wata ake sayen littafin, shi yasa duk sanda aka kai shi talabijin yake numfashi, ko X-Men: Evolution na 2000 zuwa 2003 da aka mayar da su 'yan sakandare sai da ya haifar da X-23, yarinyar da aka ƙera daga jinin Wolverine, wadda daga baya ta shiga komik ta kuma fito a Logan. Hatta wasannin gem sun fi finafinan adalci, na Konami na 1992 akwai injin da mutum shida ke bugawa lokaci ɗaya kowa da gwaninsa, na Capcom kuma irin su X-Men vs. Street Fighter na 1996 nan ne da yawa suka fara sanin Gambit da Storm suna da zafi.

To sai kashi na biyar. Genosha tsibiri ne na ƙirƙira a gefen gabashin Afirka, a komik na 1988 an kawo shi ne a matsayin hannunka mai sanda ga mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, ƙasar da ta yi arziki da bautar da miyutan. A nan kuma ya zama ƙasarsu ta kansu har Majalisar Ɗinkin Duniya na shirin karɓarta, ka ga yara masu fukafukai da masu launin kore suna wasa a titi babu mai jifansu, kasuwa na ci, da dare ana liyafa, Rogue na rawa da Magneto a sama Gambit na kallo zuciyarsa na ƙuna saboda shi baya iya ko taɓa hannunta, don fatarta zuƙe ƙarfi da ran wanda ya taɓa ta take yi. Rabin kashin duk a kan wannan kishin aka tafi, har ka saki jiki. Kawai sai wuta. Wani ƙaton Sentinel mai kai uku ya sauko ya fara share mutane, kiɗa ya ɗauke, ƙura da ihu, Magneto ya tattara yara ƙarƙashin garkuwarsa yana lallashin ƙaramin cikinsu kar ya ji tsoro alhali shi kansa ya san garkuwar ba za ta riƙe ba, mutumin da ya tsira daga kisan kiyashi yana yaro gashi yana kallon wani da tsufansa. Gambit ne ya tsaya ƙarshe, ƙarfen robot ɗin ya soke shi a ciki, shi kuma ya kama ƙarfen ya tura duk wutar jikinsa ciki har abun ya tarwatse. Aka ƙare da Rogue rungume da gawarsa fata na taɓa fata ba tare da ta cutar da shi ba, don babu sauran ran da za ta zuƙe. Wallahi na daɗe zaune ban kunna na gaba ba. An ɗauko harin ne daga labarin Grant Morrison na 2001, amma a littafin daga nesa ka ke ganin adadin matattu, nan kuwa sai da aka sa ka zauna da mutanen tukuna. Kuma abun da ya biyo baya ya ƙara min ciwo, yadda duniya ta yi jaje na kwana biyu kowa ya koma harkarsa, manyan ƙasashe na lissafin siyasa, har mai kallo ya fara tambayar kansa anya Magneto bai fi Xavier gaskiya ba.

Amma akwai inda suka gaza kuma dole in faɗa. Gudu ya yi yawa. Labarin Madelyne Pryor, matar Cyclops da aka gano kwafin Jean ce da mugun masanin kimiyya Mister Sinister ya ƙera, a komik shekaru aka yi ana jan sa, nan a kashi ɗaya aka gano ta, ta haukace, ta dawo hayyacinta, aka tura jaririnta gaba cikin zamani, ta yi sallama, duk cikin rabin awa. Wato cutar da nake zargin finafinai da ita ta ɗan taɓa su su ma. Kashi uku na ƙarshe da Bastion, babban mugun zangon, ma an cusa abubuwa da yawa, ga Magneto ya kashe wutar duniya, ga shi ya zare ƙarfen jikin Wolverine kamar yadda ya faru a komik na 1993, ga Xavier ya dawo, baka gama haɗiye ɗaya ba an miƙo maka wani. Da kashi 13 suka yi ko 15 da yafi. Sannan wanda bai san katun ɗin da ba zai sha ruɗewa, fuskoki na ta wucewa babu mai gabatar maka da su. Iyaye kuma a kula, wannan ba irin na safiyar Asabar ɗin da bane, akwai jini da mutuwa da maganganun manya, ban ga dacewar a bar ƙananan yara su kalla su kaɗai ba.

Sai maganar Storm, wadda ita ce tafi damuna tun da. Ororo Munroe, uwarta 'yar sarauta daga Kenya ubanta Ba'amurke mai ɗaukar hoto, ta tashi marainiya tana yankan aljihu a titunan Alƙahira, kuma a littafi ta jagoranci X-Men na tsawon lokaci, har da lokacin da bata da baiwar ma ta kayar da Cyclops ta riƙe shugabancin. Finafinai sun samu Halle Berry sun rasa me za su yi da ita, a na farko an sa mata wani karin harshe a na biyu an cire, a Apocalypse na 2016 an nuna Alƙahirar amma ta koma 'yar aiken bos kusan bata magana. A X-Men '97 an bata girmanta, ta tare harbin da aka yi wa Magneto ta rasa ikonta, wajen da ta durƙusa tana cewa bata jin iska bata jin danshin sama ya taɓa ni ƙwarai, zamanta da Forge, miyutan ɗin nan mai ƙere-ƙere, da yadda ta fuskanci tsoron matsatsin wuri da take fama da shi tun yarinta duk sun yi kyau. Amma an raba labarin nata gida biyu an haɗa rabin farko da wani labarin gem na Jubilee, kuma ranar Genosha bata nan, a faɗan ƙarshe ma ba ita ke gaba ba.

Tunda Disney ta saye Fox a 2019 haƙƙin fim ɗin X-Men ya koma hannun Marvel, ko ba jima ko ba daɗe za su fito da sabbin 'yan wasa. Ni buƙatata biyu ce, su nemo 'yar Afirka baƙa ta hau Storm su bata jagoranci, Wolverine kuma a bar shi ya huta a fim na farko ko ya zama ɗaya daga cikin tawaga kamar yadda katun ɗin nan ya yi da shi. Wanda zai fara kallo kuma ina bada shawarar ya nemi kashi biyun farko na 1992 da na Phoenix da na ƙarshen 1997 kafin ya shiga wannan.